Tayar da ba ta gurɓata iska: gaskiya ce ko dabarar kasuwa?

Tambaya: Ina da tireloli da ke jigila tsakanin Kano da Legas. Kwanakin baya wani wakilin masu sayar da taya ya same ni a gareji, ya ce masana'antar da ke yin tayarsu ta daina fitar da iskar kabon, kuma tayar tana rage shan mai, wai shi ya sa kuɗinta ya ɗara na saura. Abin da ake yi da roba da ƙarfe da wuta, yaya za a ce ba ya gurɓata iska? Mu kuma da muke saye, me ya shafe mu a ciki?

Amsa:

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Magana biyu wakilin nan ya haɗa maka a baki ɗaya, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ta masana'anta tana iya zama gaskiya, amma ita ce ƙarama. Ta shan mai ita ce babba, ita ce kuma ta taɓa aljihunka. Na yi shekaru a sashen haɗa roba, inda ake auna kayan da ke shiga taya kafin a gasa ta, kuma abin da ya fi ba ni mamaki lokacin da na fara bin lissafin nan shi ne, yawancin iskar kabon da ake ɗora wa taya ba daga bututun hayaƙin masana'anta take fita ba. Daga salansar mota take fita.

Ƙungiyar masu yin taya ta Japan, JATMA, ta fitar da wannan lissafi a 2012. Tayar ƙaramar mota guda ɗaya, daga ranar da aka tara kayan yin ta har ranar da aka yar da ita, tana jawo iskar kabon kusan kilo 300. A ciki, kayan haɗi sun ɗauki kamar kilo 25, aikin cikin masana'anta bai kai kilo 10 ba, sama da kilo 260 kuwa a kan titi suke fita. Ko da masana'anta ta wayi gari ba ta fitar da komai, abin da ta rage bai kai kashi 3 cikin 100 na jimlar ba.

Za ka ce taya ai ba ta shan mai. Tana sha. Idan direbanka ya tsaya a Jebba ko Mokwa bayan doguwar tafiya, ɗora hannu a gefen taya ka ji zafinta. A kowane juyi, sashen da ya taɓa ƙasa yana lotsawa sannan ya miƙe, kuma roba ba ta mayar da duk ƙarfin da aka matse ta da shi. Wani kaso yana zama zafi ya bi iska. Injin ne ke biyan wannan asara, da man da ka saya. A ƙaramar mota, kusan tanki ɗaya cikin biyar a nan yake tafiya. A babbar mota mai kaya yana iya kaiwa ɗaya cikin uku, saboda yawan tayoyi da nauyin da ke kansu. Mu ɗauka tirelarka tana shan lita 40 ta gas a kilomita 100. Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, lita 400 ke nan. Fiye da lita 100 a ciki tayoyi ne suka ci, kowace lita ta gas kuma tana fitar da iskar kabon sama da kilo biyu da rabi. Zuwa ɗaya kawai, ban da dawowa.

Saboda haka babban yaƙin masu ƙera taya shi ne rage wannan turjiya ta mirginawa. Wahalar ita ce, abu uku ake nema a taya, kuma suna zaune ne kamar duwatsun murhu: kada ta ci mai, ta riƙe titi idan an yi ruwa, ta kuma daɗe ba ta suɗe ba. Ka ɗaga dutse ɗaya, tukunya ta karkata. Robar da ke riƙe jiƙaƙƙen titi ita ce mai shanye ƙarfi ta mayar da shi zafi, wato mai cin mai. Idan ka taurara ta don ta rage cin mai, birki ya yi tsawo a damina. Idan ka rage kaurin zanen, wato robar saman taya da ke taɓa titi, ta yi sauƙin mirginawa amma ta ƙare da wuri. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin gwaji ya san ranakun da ake murna an gyara ɗaya, washegari sakamakon ɗayan ya zo ya rushe murnar.

Sau biyu aka yi babban tsalle a wannan fage. Na farko a 1946, da Michelin ya fito da tayar radiyal, wadda zarenta ke tsallakawa daga baki zuwa baki a miƙe, da ɗamarar waya a ƙarƙashin zane, don gefen taya ya lanƙwasa ba tare da ya ja zanen ba. Na biyu a 1992, da kamfanin ya maye wani kaso na baƙin garin kabon da silika a robar zane. Silika, wadda asalinta yashi ne, ta ba da damar rage cin mai ba tare da an rasa riƙon titi a ruwa ba. Amma ga abin da ba a cika faɗa ba. Silika ba ta son haɗuwa da roba. Sai an sa mata wani sinadari mai suna silen da zai ɗaure su, sai an riƙe zafin injin cuɗawa a wani ma'auni na ɗan lokaci, sau da yawa kuma sai an cuɗa fiye da sau ɗaya. Wutar da masana'anta ke sha tana ƙaruwa. Wanda ya tsaya a ƙofar masana'anta yana ƙirga zai ce abin ya ƙara lalacewa, alhali jimlar ta ragu sosai. Shi ya sa ba na yarda a auna kamfanin taya da hayaƙin masana'antarsa kaɗai.

Yanzu mu koma kan kayan haɗi, don bayan titi su ne suka fi nauyi. Taya ba roba ce zalla ba. Kayan da ke cikinta sukan kai kala 200. Manyan su ne robar bishiya, robar da ake yi daga man fetur, baƙin garin kabon, silika, wayar ƙarfe, zare, mai, farar wuta da sinadarin zinki.

Baƙin garin nan shi ne ya sa taya ta zama baƙa, don roba a asalinta fara ce. Shi ke ba ta ƙarfin jure gogayya, kuma yakan kai kwata na nauyin taya. Yadda ake yin sa bai da nisa da yadda fitilar aci-bal-bal ke baƙanta bango: ana fesa mai mai kauri, ragowar matatar mai, cikin tanderu mai tsananin zafi da ƙarancin iska, ya ƙone rabi-rabi, a tattara baƙin. Kowane tan ɗaya yana fitar da iskar kabon tan biyu zuwa uku, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na wanda ake yi a duniya taya ke cinye shi. Matatar mai ta Warri ma an gina mata sashen yin sa. Akwai masu neman wata hanya. Kamfanin Monolith a jihar Nebraska ta Amurka yana fasa iskar gas da wutar lantarki ba tare da ƙona ta ba, ya samu baƙin gari da haidurojin, kuma Goodyear ya yi amfani da nasa a taya. Dabarar tana da kyau, sai dai tana shan lantarki mai yawa, don haka amfaninta ya dogara da inda lantarkin ya fito.

Robar fetur kuwa tushenta wani sinadari ne mai suna butadayin. A farkon 2024 Michelin da abokan aikinsa suka buɗe ƙaramar masana'antar gwaji a Bassens, kusa da Bordo a Faransa, inda ake yin sa daga etanol na tsirrai. Har yanzu gwaji ne. Abin da ya riga ya shiga kasuwa shi ne ƙananan sauye-sauye: man waken soya a madadin man fetur don tausasa roba, kamar yadda Goodyear ke yi, da zaren poliyesta da Continental ke yi daga tsofaffin gorunan ruwa, da wayar da aka yi da tsohon ƙarfe da aka sake narkarwa.

Wanda ya fi jan hankalina a cikinsu shi ne ɓuntun shinkafa. Silikar da aka saba da ita, sai an narka yashi a zafin da ya kai digiri 1,400. Shinkafa kuwa tun tana gona take tsotso silika daga ƙasa ta tara a ɓawonta. Ɓuntu yakan kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera, idan aka ƙona shi yadda ya kamata a samu wuta, tokar da ta rage kuma mafi yawanta silika ce, wadda ake cirewa da zafi kaɗan. Goodyear da Pirelli da Continental duk suna sa irinta a tayoyinsu. Duk lokacin da na wuce bayan injinan casar shinkafa a Kano ko Kebbi ko Haɗeja na ga tsibin ɓuntu yana cin wuta a banza, hayaƙi ya rufe unguwa, raina yakan sosu. Abin da manyan kamfanonin duniya ke nema da kuɗinsu ne muke rasa inda za mu kai.

Sai robar bishiya, wadda ta fi shafar ka, don tayar manyan motoci ta fi ta ƙanana yawan ta: ta fi jure yagewa, ba ta kuma tara zafi kamar ta fetur. Mutum zai ɗauka tunda daga bishiya take, babu matsala. Ana tsaga ɓawon bishiyar ne, ruwa fari mai danƙo kamar nonon tumfafiya ya ɗigo cikin kofi. Bishiyar takan yi kamar shekara bakwai kafin a fara tatsa, sannan ta yi shekara ashirin da wani abu tana bayarwa, tana kuma shanye iskar kabon duk tsawon lokacin. Matsalar ita ce inda aka shuka ta. Idan an sare tsohon kurmi don a yi gonar roba, kabon da ke cikin manyan bishiyoyi da ƙasar kurmin ya tashi, kuma gonar ba za ta biya wannan bashi ba a rayuwarta. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2023, da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna an rasa kurmi sama da hekta miliyan 4 a kudu maso gabashin Asiya tun 1993 saboda roba. Tailan ce kan gaba a noma ta, sai Indunusiya, Kodebuwa kuma ta hau cikin manya a 'yan shekarun nan.

Gano asalin kowane dunƙulen roba aiki ne ja. Kusan kashi 85 cikin 100 na robar duniya ƙananan manoma ne ke samar da ita, su wajen miliyan 6, kuma kafin ta isa masana'anta ta bi hannun dillalai da yawa, an gauraya ta wannan ƙauye da ta wancan. Wanda ya san yadda buhun riɗi ke isa Dawanau zai gane abin da nake nufi. A 2018 aka kafa wata haɗaka ta kamfanoni da manoma da ƙungiyoyi, GPSNR, mai ofis a Singafo, don wannan aiki. A 2023 kuma Tarayyar Turai ta yi dokar hana shigar da roba da wasu kayan gona idan daga ƙasar da aka sare kurminta bayan ƙarshen 2020 suka fito, ko da yake an ɗage fara aiki da ita. Manufar dokar na goyi bayanta, amma ina tsoron nauyin takardu da taswirar gona ya faɗo kan manomin da ke da hekta biyu, manyan gonaki su kwashe kasuwar. Ana kuma neman roba a wasu tsirrai: Continental yana gwada wani fure ɗan asalin Kazakistan da ke tara roba a saiwarsa, har ya fitar da tayar keke da ita a 2019, Bridgestone kuma ya noma wani ƙaramin tsiron hamada, gwayuli, a Arizona, an yi tseren motoci da tayarsa a 2022. Abin da suke samarwa bai kai cikin cokali ba idan aka kwatanta da buƙata.

Idan ka ji kamfani ya ce tayarsa kashi kaza cikin ɗari kaya ne masu ɗorewa, ka nemi bayani. Goodyear ya nuna tayar gwaji mai kashi 90 a farkon 2023, Continental ya sa ta kashi 65 a kasuwa a shekarar, Michelin da Continental kuma sun ɗauki alkawarin kashi 40 a duk kayansu nan da 2030, da 100 nan da 2050. Amma a cikin lissafin har da robar bishiya da dama can tana ciki, har da wata hanyar ƙirge da ta yi kama da wannan: ka zuba garwa ɗaya ta mai daga tsirrai cikin duro mai garwa tara ta man fetur, sannan a takarda ka ware garwa ɗaya ka ce ita ce ta tsirrai. Akwai masu bincike da ke tabbatar da an zuba garwar da gaske, don haka ba ƙarya ba ce, kuma tana taimaka wa sabon abu ya samu kasuwa. Sai dai tayar da ke hannunka ba lallai ne abin yana cikinta a ma'aunin da aka rubuta ba.

To, masana'antar kanta fa, wadda wakilin ya fara da ita? Wuri biyu ke cin makamashi. Ɗaya injin cuɗa roba, wanda Fernley Banbury ya ƙirƙiro a 1916 kuma har yau da sunansa ake kiran sa. Ɗayan, wanda ya fi, shi ne gashi. Ana sa ɗanyar taya cikin mazubin ƙarfe, a hura wata jakar roba a cikinta da tururi, a riƙe ta a zafin digiri 150 zuwa 180. Ta ƙaramar mota minti goma zuwa sha biyar, ta tirela ta kusa awa guda, ta motocin haƙar ma'adinai tana iya wuce yini. Tururin daga manyan tukwane yake zuwa, masu cin kwal ko gas ko baƙin mai, ya bi dogayen bututu yana zubar da zafi a hanya. Na yi aiki a wurin da bututun ke yoyo a gaɓoɓi da yawa, rufin da ke tare zafi ya yayyage, muna tafiya ƙarƙashinsu muna jiƙewa da gumi, ana ta ƙara wa tukunya wuta don a cike giɓin. Gyaran da bai fi na 'yan kwanaki ba ne, aka yi shekaru ana ɗage shi.

Maganin wannan sashe sananne ne: a toshe yoyo, a mayar da tukwane na lantarki, ko a sa mazubi mai ɗumama kansa da lantarki, sannan a samo lantarkin daga rana ko iska ko ruwa. Kamfanin Nokian na Finlan ya buɗe sabuwar masana'anta a Oradea ta Romaniya a 2024 wadda ba ta ƙona man fetur ko gas ko kwal ko kaɗan, Continental ma ya kai masana'antarsa ta Lousado a Fotugal wannan matsayi. Saboda haka maganar wakilinka mai yiwuwa ce. Abin da take nufi shi ne daga ƙofar shiga zuwa ƙofar fita. Baƙin garin da aka kawo a mota, da wayar, da robar, da jirgin da ya kawo tayar Apapa, duk ba sa cikin lissafin. Ka kuma lura duk wannan ya rataya ne a kan tsayayyar wutar lantarki. Mu a nan rashin ta na cikin abin da ya sa Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, tare da kwararowar tayoyin waje masu araha. Yau robar Edo da Delta da Kuros Riba tana fita ɗanya ta jirgin ruwa, mu sayo taya ta wani jirgin.

Ƙarshen taya shi ne wurin da masana'antar duka ta fi jin kunya. Gashin nan da farar wuta, wanda Charles Goodyear ya gano a 1839, shi ya mayar da roba abin amfani, don kafin nan tana narkewa a zafi ta sandare a sanyi. Farar wutar tana ɗaure zaruruwan robar da juna ɗaurin da ba ya kwancewa. Tukunyar da ta shiga wuta ba ta komawa yumɓu. Ƙarfe ko gorar ruwa kana narkar da su ka sake zubi, taya ba ta narkewa. Duniya kuwa tana yar da taya wajen biliyan ɗaya duk shekara. A Sulaibiya ta Kuwait an taɓa tara sama da miliyan 40 a fili ɗaya, gobara tana tashi a ciki lokaci zuwa lokaci, kafin a kwashe su a 2021.

Abin da aka fi yi da su shi ne ƙonawa a tanderun siminti a madadin kwal, ko niƙawa a yi daɓen filin wasa, a gauraya da kwalta, a yi bulon daɓe kamar yadda kamfanin Freee Recycle ke yi a Ibadan. Mu ma muna da namu tun da daɗewa, takalmin taya da gugan tiyub da igiyar ɗaurin kaya. Duk suna da amfani, amma ba taya ce ta koma taya ba. Hanyar da ake sa rai a kanta ita ce a dafa guntayen taya a rufaffiyar tukunya da babu iska, a zafin digiri 500 ko kusa da haka, ta rabu zuwa mai da gas da waya da baƙin gari. Michelin ya haɗa gwiwa da kamfanin Enviro na Suwidin a kan haka, Continental kuma da Pyrum na Jamus. Baƙin garin da ake samu yana ɗauke da toka mai yawa, ta zinki da silika, bai kai sabo ƙarfi ba, don haka wani kaso kawai yake maye, galibi a sassan ciki ba a zanen da ke taɓa titi ba. A 2021 Michelin da Bridgestone da kansu suka ce wanda aka sake sarrafawa bai kai kashi 1 cikin 100 na baƙin garin da ke shiga sababbin tayoyi ba. Wannan dafuwa kuma idan aka yi ta da tukwanen gargajiya ba matatar hayaƙi, guba ce. Haka ake fama a wasu garuruwan Indiya, inda ake kai tarin tsofaffin tayoyin Ingila. Mafi muni duka shi ne ƙonawa a fili, don a cire waya ko a babbake ganda a mayanka. Hayaƙin yana ɗauke da sinadarai masu jawo ciwon daji, suna shiga huhun mahauci suna kuma maƙalewa a abin da za a ci. Wannan kam ina roƙon duk mai faɗa a ji a kasuwa ya taimaka a daina.

Akwai kuma robar da ke ɓacewa a hanya. Zanen da ya suɗe bai tafi ko'ina ba, ya zama ƙura, ruwan sama ya wanke ta zuwa rafi, tan miliyoyi duk shekara a duniya. A 2020 masu bincike a Jami'ar Washington suka gano wani sinadari da ake sa wa taya don kada ta tsattsage, 6PPD, yana rikiɗa ya zama guba mai kashe wani nau'in kifin salmon. Har yanzu ana neman madadinsa, don idan aka cire shi haka kawai, taya za ta riƙa fashewa da wuri. Sabuwar dokar hayaƙin motoci ta Turai, Euro 7, ta tanadi sa wa wannan ƙura iyaka.

Yanzu ga inda kai kake da iko, kuma ikon naka ya fi na masana'antar Oradea girma. A tayar tirela, zanen da ke suɗewa ƙaramin kaso ne. Mafi yawan roba da waya suna cikin gangar jikin, wadda aka ƙera don ta rayu fiye da zane ɗaya. Idan zane ya ƙare ana iya kankare ragowar, a duba gangar da na'ura, a ɗora mata sabuwar fata a gasa. Sabuwar tayar babbar mota tana cin mai kimanin lita 83 wajen yin ta, wadda aka sake wa fata kimanin 26. Tayoyin jiragen sama ma haka ake yi musu sau da yawa, kuma Bridgestone ya sayi Bandag, babban kamfanin wannan aiki, a 2007 don ya san nan kuɗin masu manyan motoci yake. Sharaɗin ɗaya ne, gangar ta kasance lafiya. Mu kuwa muna kashe ta tun kafin lokacinta: lodin da ya wuce ƙa'ida, tafiya da ƙarancin iska, barin taya sai waya ta leƙo. Ka ce wa yaranka su cire taya tun da sauran zane, su ajiye ta a inuwa. Wadda aka sake wa fata a wurin da ke da kayan aiki na gaske ka sa ta a baya, gaba kuma ka bar wa sabuwa. Wannan daban yake da masu sassaƙa wa suɗaɗɗiyar tayar gwanjo sabon zane da wuƙa, wanda kasada ce da rayukan mutane.

Batun iska kuma, akwai kuskuren da ya yaɗu tsakanin direbobi: idan bazara ta yi zafi sai su rage iska wai kada taya ta fashe. Akasin haka ne ke faruwa. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ta fi lotsawa, ta fi tara zafi, ta fi cin mai, ita ce kuma ke fashewa. A auna da safe taya na sanyi, da geji mai kyau, ba da bugun ƙarfe ko geji na mai faci da ya shekara biyar yana faɗuwa ƙasa ba. A duba saitin ƙafafu, don tirelar da gatarinta ya karkace tana jan taya a gicciye duk tsawon hanya.

Ina kuma ja maka kunne a kan abu ɗaya. Tayar da aka ƙera don shimfiɗaɗɗen titin Jamus, mai siririn gefe da ƙaramin zane, tana iya zama ta ɗaya a rage cin mai a can, ta zo nan ramin farko tsakanin Tegina da Birnin Gwari ya yaga ta. Tayar da ta mutu a wata uku ta yi asarar duk kabon da aka kashe wajen yin ta, da gangar da za a sake amfani da ita. Ka nemi wadda aka yi don titi mai ramuka da zafi, sannan a cikin irinsu ka zaɓi mafi sauƙin mirginawa.

Idan wakilin ya dawo, ka tambaye shi takardar darajar tayar. Tarayyar Turai ta wajabta ta tun 2012, aka sabunta ta a 2021, tana nuna cin mai da riƙon jiƙaƙƙen titi daga harafin A zuwa E, kuma ta haɗa da tayoyin manyan motoci. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefen tayar, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka tambaye shi ko suna karɓar gangar a sake mata fata, kuma a ina. Sannan ka ce ya ba ka na mota ɗaya tukuna. Ka zaɓi tireloli biyu iri ɗaya masu bin hanya ɗaya da kaya iri ɗaya, ɗaya da sabuwar tayar, ɗaya da wadda ka saba, ka riƙa musanya direbobin, ka rubuta litar gas da zurfin zane a kowace dawowa har zuwa goma.